Ƙwayar bitamin D ta masu ciki: a duba lambar da ke jikin kwalba

Ƙaramar ƙwayar bitamin D3 mai ruwan mai a ciki, wadda ake samu a shagunan magani na Aboabo da Asawase a Kumasi, ba ni da babban ƙorafi a kanta. Ba ta da wuyar haɗiya, ba ta tayar da zuciya kamar maganin ƙarin jini da ake bayarwa wurin awo. A sha ta bayan abinci mai maiƙo, ko da ƙosai ne, don da mai hanji ke tsotse ta.

Abin da ya ɓata mini rai shi ne wani shago da ke miƙa wa masu ciki kwalba mai IU 50,000 (IU shi ne ma'aunin ƙarfin bitamin) idan ƙaramar mai 1,000 ta ƙare, wai "wannan ta fi ƙarfi, Hajiya, kullum ɗaya". Subhanallahi! A Ingila IU 400 ake ba mai ciki shawarar sha a rana, a Amurka 600, iyakar da ba a son a wuce kuma 4,000 ce. Mai 50,000 ta wadda gwajin jini ya nuna tana da ƙaranci ce, likita ke rubutawa, galibi sau ɗaya a mako. Bitamin D ba ya fita da fitsari yadda bitamin C ke yi, taruwa yake a jiki. In ya yi yawa sai kalsiyam ya hau a jini: ƙishirwa, yawan fitsari, amai, taurin bayan gida, har tsakuwar ƙoda. Yawancinsu kuwa mai ciki za ta ce laulayi ne, ta ci gaba da sha. Kwalaben biyu kusan kamarsu ɗaya, lambar da ke jiki ce kawai za ta fitar da ke.

Amfanin bitamin D gaskiya ne. Jariri da abin da ya samu daga uwa yake zuwa duniya, nono kuma bai da bitamin D da yawa. In na uwa ya yi ƙasa sosai, jariri kan zo da laushin ƙashin kai, ko jijjiga saboda ƙarancin kalsiyam, daga baya ƙafa ta gwame. Da hasken rana fata ke yin bitamin D, kuma rana ba ta yi mana kaɗan a Kumasi ba, amma mai baƙar fata da ke yini a ɗaki ko cikin rumfa tana iya rasa shi. Duk da haka Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ce kowace mai ciki ta sha ba, don haka a fara tambayar ungozoma, musamman mai shan haɗaɗɗen bitamin na masu ciki, don yawanci akwai D a ciki.

Ita ma ƙaramar da na yaba, da sauran magana. A shagon da ba fanka zafi kan narkar da ƙwayoyin su manne kamar alewa; ki girgiza kwalbar, in ba ta yi kacau-kacau ba kada ki saya. Kuma kwalin bai faɗi ko fatar ƙwayar daga saniya ko alade aka yi ta ba. Wannan kaɗai ya sa na fi son busasshiyar ƙwaya mai lambar rajistar FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Ghana.