Ƙauyen tarihi na Steinbach: gidan tarihin da ke aiki da hannu

Mennonite Heritage Village yana garin Steinbach, kimanin kilomita 60 kudu maso gabashin Winnipeg a Kanada. Yana adana rayuwar manoman Menonayit, mabiya wata ɗariƙar Kirista, da suka baro ƙasar Rasha suka fara sauka a filayen lardin Manitoba a 1874.

Abin da ya fi kama hankali shi ne injin niƙa mai aiki da iska. Wanda aka gina a 1972 ya ƙone a 2000, aka sake ɗaga shi a 2001, kuma idan iska ta kaɗa da ƙarfi har gobe yana niƙa alkama. Akwai kuma semlin, kwaikwayon irin ɗakin da baƙin farko suka haƙa rabinsa cikin ƙasa, suka jera yankakkiyar ƙasa mai ciyawa ta zama bango da rufi. Irin wannan gini sai da kulawa kullum: ruwa na shiga, sanyi ya daskarar da shi, ya narke, bangon ya tsage. Gidajen katakon ma damshi ke cin gindinsu.

A leƙa gidan da ɗakin kwana da turken dabbobi suke ƙarƙashin rufi ɗaya, dabarar da ta hana mutum fita cikin ƙanƙara don tatsar saniya.

A je tsakanin Mayu da Satumba, domin da hunturu gine-ginen waje a rufe suke. Farkon Agusta ake sussuka da injin tururi. A gidan abincinsu akwai naman alade cikin wasu girke-girken, don haka a tambaya kafin a ci.