Lensi 150-600mm a filin tseren babura na Lusail: abin da na gani

Ga mai son ɗaukar hoton tseren babura daga inda 'yan kallo ke tsayawa, wannan lensin mai 150-600mm ya cancanci kuɗinsa. Na yi aiki da shi a gasar MotoGP, babbar gasar tseren babura ta duniya, a filin Lusail da ke arewacin Doha a Katar, inda tun 2008 ake yin tseren da dare a ƙarƙashin fitilu.

Nisa shi ne abu na farko. Tsakaninka da kwalta akwai shingen waya, akwai fili mai faɗi da aka bari don wanda ya faɗi ya samu wurin zamewa. Da lensi mai 200mm babur ɗin ɗan ɗigo ne kawai. A 500mm zuwa 600mm kuwa, har gwiwar matuƙi kana gani tana shafar ƙasa a kwana. Shingen ma, in ka matsa kusa da shi sosai ka buɗe ƙofar haske, wato ramin da haske ke shiga lensin ta cikinsa, har ƙarshe, sai ya ɓace daga hoton.

Dare ne ya gwada shi da gaske. A 600mm ƙofar haskensa ba ta buɗewa fiye da f/6.3, wato hasken da ke shiga ba shi da yawa, don haka in ka ce sai ka daskarar da babur da ƙiftawar kyamara ta 1/2000 na daƙiƙa, ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, zai haura, hoton ya fito da yashi-yashi. Kuma ko ya fito tsaf, tayoyin a tsaye suke cak, kamar an jingine babur ɗin a bakin kasuwa. Abin da ya yi mini aiki shi ne na sauko zuwa 1/200, na kafa ƙafafu, na riƙa bin babur da kyamara daga ƙugu, ba na tsayawa ko bayan na danna. Haske ya wadata, baya ya zama zane-zane, gudun ya bayyana. Hotuna da yawa za su lalace, haka sana'ar take, amma wanda ya fito yana sa zuciya ta yi sanyi.

Kada ka ɓata lokaci a miƙaƙƙiyar hanyar, wadda ta haura kilomita 1, inda baburan ke wuce kilomita 340 a awa. Nemi kwana, inda suke rage gudu su kwanta. Ka fara koyon hannu da ƙananan baburan Moto3 masu 250cc kafin manyan su fito.

Nauyinsa ya kusa kilo 2, kafaɗa tana ji kafin a tashi. Da rana kuma hucin kwalta yana sa hoton nesa rawa, wannan ba lensin da zai magance shi.

Wanda ke da izinin shiga gefen kwalta, kuma da wannan sana'ar yake ci, ya tara ya sayi lensi mai f/4, wanda ya fi shigar da haske. Mu da ke bayan shinge, wannan ya ishe mu. Ka tafi da abin toshe kunne, ƙarar ba wasa ba ce.