Lauya, mu'aƙƙibi ko ɗan'uwa: wa za ka ba wa wakilci idan ka ji rauni a Saudiyya?

A unguwannin da Hausawa suka fi yawa a Makka da Jidda, idan mota ta buge mutum ko ya faɗo daga gini a wurin aiki, tun yana kwance a gadon asibiti ake fara kawo masa sunayen masu "sanin hanya". Akasarinsu mu'aƙƙibai ne, wato masu bin takardu a ofisoshi, kuma suna da ranarsu, amma ba lauyoyi ba ne. Dokar aikin lauya ta 2001 ta keɓe wannan sana'a ga wanda Ma'aikatar Shari'a ta ba wa lasisi, kuma ana iya duba sunan duk mai lasisi a Najiz, shafin intanet na ma'aikatar. Wanda sunansa bai fito a nan ba, komai yawan mutanen da ya ce ya sani, bai kamata ka ɗora masa shari'arka ba.

Kafin ka kwatanta lauyoyi, fara sanin ƙofar da maganarka za ta shiga, domin ba duka ke bin hanya ɗaya ba. Hatsarin mota da aka ji rauni a cikinsa yana farawa ne daga rahoton 'yan sandan hanya, Murur, wanda ke raba kason laifi tsakanin ɓangarorin, sannan neman diyya ya tafi kotun gama-gari. Idan kuwa kamfanin inshora ne ya ƙi biya, akwai kwamitocin da aka kafa musamman domin rikicin inshora. Raunin wurin aiki daban yake: hukumar inshorar ma'aikata ta gwamnati, GOSI, ce ke ɗaukar nauyinsa, har ga baƙi, daga kashi 2 cikin ɗari na albashi da wanda ya ɗauki ma'aikacin ke zubawa, kuma ana son ma'aikaci ya sanar da wanda ya ɗauke shi aiki cikin kwana 7. Sai dai wannan bai haɗa da masu aikin gida ba, waɗanda 'yan'uwanmu da dama ke cikinsu.

Wannan ne ya sa sunan ofishi bai isa abin dubawa ba. Manyan ofisoshin lauyoyi na Riyad da Jidda suna da ma'aikata da tsari, amma yawancin aikinsu na kamfanoni ne, kuma fayil ɗin talaka yana iya ƙarewa a hannun ƙaramin lauya mai koyon aiki. Lauya mai zaman kansa, wanda kullum yake kai da kawowa a sashen hatsarin mota na kotu, shi na fi karkata gare shi, muddin ya amsa tambayoyi kaɗan ba tare da kame-kame ba: sau nawa ya bi irin wannan ƙara, yaya ake ƙiyasta arashi, wato diyyar gaɓa ko rauni, kuma wane rahoton likita ake bukata? Cikakkiyar diyyar kisan kuskure riyal 300,000 ce tun 2011, kuma daga gare ta ake lissafa ta gaɓoɓi. Saboda haka, wanda ya yi maka alkawarin miliyoyi tun bai ga takardar asibiti ba, romon baka kawai yake maka.

Akwai zaɓi na uku da ake yawan mantawa da shi. Doka ta yarda ɗan'uwa na kusa ya tsaya maka a gaban alƙali. Idan laifin ɗaya ɓangaren a fili yake, raunin kuma ba mai tsanani ba ne, ɗa ko ƙane mai jin Larabci sosai yana iya wadatarwa. Da zarar an fara jayayya kan kason laifi, ko raunin ya bar naƙasa, to lauya ya fi.

Batun kuɗin aiki kuwa, wasu suna yanke adadi ɗaya, wasu suna karɓar kaso daga abin da aka samu, wasu suna haɗa biyun. Kaso yana yi wa marar hali sauƙi, amma yana iya sa lauya gaggawar yin sulhu. Ko wanne ka zaɓa, a rubuta shi, a kuma fayyace wanda zai biya kuɗin kotu da na ɗaukaka ƙara.

Inda aka fi cutuwa shi ne takardar wakala, wato ta ba da wakilci. Ana yin ta cikin 'yan mintuna ta Najiz, da Larabci, kuma a cikinta akwai ikon yin sulhu, da ikon yafe haƙƙi, da ikon karɓar kuɗi. Waɗannan uku kada ka bayar da su sai da dalili; ka bar wa wakilinka ikon shigar da ƙara da kare ta, ka riƙe sauran a hannunka, ka kuma sa wani amintacce ya karanta maka ita da Hausa kafin ka amince. Kada kuma zaman jinya ya shagaltar da kai, domin a dokar mu'amalolin farar hula ta 2023, ba a sauraron ƙarar neman diyya bayan shekara 3 daga ranar da ka san cutarwar da wanda ya jawo ta.