Na sayar da Accord na koma Yaris: abin da na gani a titunan Zariya

Ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, Honda Accord nake hawa, wadda ake kira End of Discussion, mai inji 2.4 da tankin da ke cin lita 65. Kafin ranar, litar fetur a farashin hukuma ba ta kai naira 200 ba. Cikin kwanaki ta haura 500, a watan Yuli ta kai 617, kafin ƙarshen 2024 kuma ta tsallake dubu. Ni kuwa gidana yana Tudun Wada, aikina yana Samaru, ga kai yara makaranta da ɗauko su. Albashi ba ya kai tsakiyar wata sai gidan mai ya cinye rabonsa. Har ta kai ina ajiye motar kwana uku a mako ina bin Keke, ina kallonta a ƙofar gida kamar saniyar da ba ta ba da nono.

Na daɗe ina sa ido kafin in yanke shawara. Na duba Kia Picanto da Hyundai i10, na ga sun yi mini ƙanƙanta ƙwarai. Honda Jazz ta burge ni saboda faɗin ciki, amma wadda na samu giyarta na fizga. Wani ya ce in nemi Prius mai haɗa fetur da batir, sai bakanikena ya girgiza kai: "Malam, ran da batirin nan ya mutu, ba ni za ka nema ba." A ƙarshe na tsaya kan Toyota Yaris ƙirar 2008, 'yar Beljiyam, inji 1.3, giyar hannu. Irin wadda ake ƙerawa a Faransa domin kasuwar Turai ce, a Japan kuma Vitz suke ce mata.

Maganar mai dai ita ce ta kawo ni, don haka ban yarda da bakin dillali ba. Na cika tanki har baki, na mayar da ma'aunin tafiya sifili, na yi zirga-zirgata ta mako, na sake cikawa a famfo ɗaya, na raba kilomita da lita. Na yi haka sau da yawa. A cikin gari, da cunkoson PZ da na Kwangila da yamma, lita ɗaya tana kai ni wajen kilomita 13. Accord ɗin kuwa da ƙyar take ba ni 8 a wannan hanyar. A hanyar Kaduna, idan na riƙe gudu tsakanin 90 da 100, Yaris tana ba ni 16 ko fiye. Tankinta lita 42 ne, kuma cikawa ɗaya na kai ni Kano in dawo, in ƙara kwanaki ina zuwa aiki. Idan na kunna na'urar sanyi a zafin Afrilu lissafin yana sauka, kuma ana jin injin ya yi nauyi a hawa, amma ko a hakan ba ta kusa da tsohuwar ba.

Akwai abin da na koya da kuɗina. Watan farko motar ta riƙa shan mai fiye da yadda na zata, har na fara zargin an yi mini sakiyar da ba ruwa. Da muka ɗaga ta a gareji, sai muka tarar an cire abin nan na cikin salansa da makanikai ke kira indomi, wayar na'urar da ke auna iskar hayaƙi kuma tana reto. Wanda ya sayar mini bai ce uffan ba. Ita wannan na'urar ce ke gaya wa kwamfutar mota yawan man da za ta saki, idan ta daina aiki sai injin ya riƙa kwankwaɗa. Muka gyara ta, muka sauya filogi da matatar iska, sannan motar ta nuna halinta na gaskiya. Duk mai son sayen ƙaramar mota don tsimin mai, ya tafi da bakanikensa ya leƙa ƙarƙashi, kada fenti ya ɗauke masa hankali. A lokacin hunturu kuma ƙurar Zariya na toshe matatar iska da wuri, ni duk wanki sai na sa an busa ta.

Kayan gyara ba su ba ni wahala ba, a Sabon Gari ake samun galibinsu. Injin sarƙa ke juya shi, ba bel ba, wannan ma kashe kuɗi ɗaya ne ya ragu. Agogon gudu a tsakiyar gaban mota yake maimakon bayan sitiyari, na yi mako biyu ina neman sa inda ba ya nan.

Inda take ba ni haushi shi ne ƙasa. Motar gajera ce. Da damina, lungunan Tudun Wada da na cikin birni sukan zama kwazazzabai, sai ka bi a karkace kana addu'a kada cikinta ya daki dutse. Na riga na sauya shokozoba na gaba sau ɗaya. Idan tirela ta wuce ka a hanyar Funtuwa, iskarta sai ta girgiza ka. But ɗinta kuwa buhun masara ɗaya ya cika shi. Da Babbar Sallah muka tashi zuwa ƙauye, ni da uwargida da yara uku da kaya, sai da aka bar wata jaka. Uwargida ta ce, "Baban yara, wannan ai ta zuwa aiki ce, ba ta zumunci ba." Ban musa mata ba.

Sai kuma bakin mutane. Wani abokina Bakano, da ma mu da su ba a rabuwa da tsokana, duk ya gan ni sai ya ce Bazazzagi ya sayi akwatin ashana. A wajen ɗaurin aure masu gadi sukan nuna mini gefe, su ajiye wa manyan motoci inuwa. Da farko abin ya taɓa ni, ba zan ɓoye ba. Shi dai abokin nawa jif ɗinsa na lulluɓe da tampol a gida, ranar Juma'ar da ta wuce ma ni na rage masa hanya daga Kongo zuwa Ƙofar Doka, gwiwoyinsa na dukan gaban mota yana ta mita.

Mai iyali babba, ko mai zuwa gona kullum ta hanyar burji, ba zan ce ya saye ta ba, Corolla za ta fi masa ko da ta ɗan fi shan mai. Ni da tafiyata ba ta wuce Tudun Wada, Samaru, wani lokaci asibitin Shika, na ba ta takwas cikin goma. Biyun da na riƙe na shokozoba ne da jakar da aka bari ranar Sallah.