Gashi ko tiyata in hannun jariri ya saki wajen haihuwa

Ɗan ƙanwata a Daura ƙato aka haifo shi, kafaɗa ta maƙale, hannun ya saki kamar tsumma, jijiyoyin wuya ne suka jawu. Gashi ba yanka, uwa ke motsa mashi hannun kullum kar gaɓoɓi su sandare, yawancin yara a haka suke warwarewa. Amma in jijiyar tsinkewa ta yi gashi bai haɗa ta. In wata 3 zuwa 6 bai lanƙwasa gwiwar hannu ba sai likitoci su fara maganar tiyata, a ɗebo jijiya daga ƙafarshi a jona, tsirowa take kamar milimita 1 a rana, kuma bayan aikin gashin dai za a koma. Mai ɗori kam na hana a kai mashi, ai ba karaya ba ce.