Otal ɗin Diani: ɗaki mai sanyi, birai marasa kunya

Kwana huɗu na yi a wani otal a Diani, kudu da Mombasa a ƙasar Kenya, wajen taron masu binciken zazzaɓin cizon sauro. Layin jirgin fito na Likoni, inda ake tsallake ruwa daga Mombasa, ya cinye mana rabin yini; da na sani da a filin jirgin saman Ukunda, kusa da Diani, na sauka.

Ɗakin taron da sanyi, amma intanet ya yi ta yankewa har na kasa nuna taswirorina. Abinci kam sai godiya: pilau, kifi, miyar kwakwa. Sai dai birai! Ɗaya ya wafce min ayaba ina tsaka da gaisawa da wata farfesa. Bayan la'asar kuwa rabin kujerun wayam, ga tekun Indiya ta taga. Ni ma ranar ƙarshe na sulale.