Hattara da mai tallar jirgin ruwan roba: fam 215 na biya, tsawon silifas aka kawo mini

Jama'a, na daɗe ina jan ƙafa kan rubuta wannan, don ba daɗi mutum da furfura a gemu ya fito ya ce an yi masa sakiyar da ba ruwa a kan jirgin roba. To amma makon jiya na sake ganin tallar mutumin da wani sabon suna, kuma hoton bai canza ba. Shirun nawa sai ya zama taimaka masa.

Ga wanda bai san ni da wannan harka ba: shekara shida ke nan ina haɗa ƙananan jiragen ƙasa a nan kudancin Ingila inda nake aiki. Tebur ne dogo a garejin gidan da nake haya, da layin dogo, da taragai, da kan jirgi mai aiki da lantarki. Wanda ya taɓa ƙera motar kara ko ta langalanga yana yaro ya san ciwon, bambancin kawai nan tsofaffi ne suka fi yawa a ciki, kuma aljihu yana ji a jikinsa. Abin da nake kwaikwayo a teburina shi ne wani ɓangare na tashar jiragen ruwa irin ta Southampton a 1944, cikin Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da ake ta kwasar kayan yaƙi zuwa Faransa. Bayan an ƙwace tashar jiragen ruwa ta Cherbourg da ke Faransa daga hannun Jamusawa a ƙarshen watan Yuni na shekarar, sojojin ƙawance sun buƙaci kawunan jirgi da taragai a can, domin bama-bamai sun lalata na Faransa da yawa. Jiragen fito na kamfanin Southern Railway, su Twickenham Ferry da Hampton Ferry, aka ɗora wa manyan ƙarafunan ɗaga kaya a baya suna sauke kawunan jirgi. Sannan aka ɗauki wasu daga cikin jiragen nan masu buɗe baki ta gaba da ake kira LST, waɗanda aka ƙera don sauke tankokin yaƙi a gaɓa, aka shimfiɗa musu dogo a ciki, ana turo taragai su shige kai tsaye. Wannan hoton ne ya hana ni barci: jirgin ruwa ya wangame baki, tarago yana shiga. Shi nake so a ƙarshen teburina.

Matsalar ita ce ma'auni, kuma a nan ne macucin ya kafa tarkonsa, don haka ku yi haƙuri in ɗan tsaya.

Yawancin masu wannan harka a Ingila suna aiki da ma'aunin da ake kira OO, wato 1:76. Ƙafa ɗaya ta gaske milimita 4 ce a tebur, faɗin dogo milimita 16.5, mutum kuma bai wuce milimita 23 ko 24 ba. A sauran Turai da Amurka HO ne ya fi yawa, 1:87. Akwai kuma ƙaramin, N, mai dogo milimita 9, wanda a Ingila 1:148 ne. Su kuwa masu yin jiragen ruwan roba da ake saya a kwali a haɗa, ba ruwansu da mu. Nasu ma'aunin daban: 1:700, 1:350, 1:144, 1:72. Biyu ne kawai suke kusa da namu. Na 1:72 yana zama da OO ba tare da ido ya kama ba, tunda bambancin bai wuce kashi biyar ko shida cikin ɗari ba. Na 1:144 kuma yana zama da N. Sauran duk sai dai kallo.

Ni da kaina na taɓa gyara irin waɗannan jiragen, wato yanke gindi don jirgi ya zauna a tebur kamar yana cikin ruwa. Na sayi jirgin yaƙin nan mai rakiya na ajin Flower a 1:72, wanda kamfanin Matchbox suka fara yi, daga baya ya koma hannun kamfanin Revell. Tsawonsa ya haura santimita 80. Sai ka ɗora fensir a kan guntun katako ka zagaye jikin jirgin da shi don ka fitar da iyakar ruwa, ka bi layin da siririn zarto a hankali, ka yar da gindin, ka manna samfefa a kan gilashi ka yi ta gurza har ya zauna daram ba haske a ƙarƙashi. Sannan ka liƙa masa falankin roba a ƙasa da ginshiƙai a ciki, in ba haka ba jikin zai buɗe kamar ɓawon gyaɗa. Wata uku na yi a kai. Ina faɗin wannan ne don ku san ba baƙo ba ne ni, kuma duk da haka aka ci ni.

LST dai babu shi a kwali a ma'aunina, ko na ce ban taɓa cin karo da shi a shago ko wajen baje koli ba. Sai ran nan a wani zauren saye da sayarwa na Facebook na ga talla: wai mutum ne da ya yi ritaya, yana gyara jiragen ruwa don masu teburin jirgin ƙasa, yana yanke gindi, ya buɗe baki, ya shimfiɗa dogo, ya yi fenti har da tsatsa. Hoto huɗu. Wallahi aikin da ke cikin hoton ya yi kyau, har igiyoyin da aka ɗaure jirgin da su sun yi laushi kamar na gaske. Ya rubuta cewa na OO ne, fam 240, saura gurbin mutum biyu kafin ya rufe karɓar aiki.

Na yi masa magana. Bakinsa zuma. Ya san sunan kan jirgin S160 na Amurka, ya san na sojan Ingila da ake kira WD, ya tambaye ni wane irin dogo nake amfani da shi don ya daidaita tsayin gadar shiga. Wannan tambayar ce ta kwantar mini da hankali, don na ce ɓarawo ba zai damu da tsayin dogo ba. Ashe duk abin da mutum zai iya tsinta ne cikin minti goma a intanet. Ya ce in ba da kafin alƙalami fam 120. Na ce zan biya ta PayPal, manhajar biyan kuɗi ta intanet, a matsayin sayen kaya. Ya ce a'a, shi ɗan fansho ne, kuɗin da ake cira yana cutar da shi, in tura ta hanyar da ake tura wa 'yan uwa da abokai, zai rage mini fam 25. Na ji tausayin tsoho, na kuma ji daɗin ragi. Na tura.

Ku riƙe wannan da kyau: kuɗin da ka tura ta hanyar 'yan uwa da abokai kyauta ce ka yi, babu kariyar mai saye a kansa. Ba a ɓoye yake ba, a rubuce yake, ni ne na ƙi karantawa da idon basira.

Sati uku shiru. Na tambaya, ya turo hoton wani gangar jirgi mai launin toka a kan tebur, an ɗauke shi kusa-kusa, ba komai a gefensa da za ka gwada girma da shi. Bayan sati biyu ya ce matarsa tana asibiti. Na yi masa jaje har da addu'a. Sai ya ce aiki ya ƙare, in cika sauran fam 95 ya kai gidan waya. Na cika. Ya turo lambar bin sawun kaya, kuma lambar ta gaske ce, tana motsi.

Ranar da kayan suka iso ina wurin aiki. Uwargida ta kira ni ta ce, "Baban yara, an kawo saƙonka, na ajiye maka a kan firji." Na ce a kan firji kuma? Ta ce to ina zan sa, ɗan kwali ne. Tun a nan gabana ya faɗi.

Kwalin takalmi ne. Na ɗaga shi, ba nauyi, kamar biredi. A ciki an cusa tsohuwar jarida, a tsakiya ga jirgin LST ɗin, e, LST ne, amma na 1:350, tsawonsa santimita 28 da ɗoriya. An haɗa shi a gaggauce, gam ya zubo ta gefe ya bushe da shatin yatsa a jiki. Ba a yanke gindin ba ma, don haka da na ajiye shi a tebur sai ya kwanta a gefe ɗaya. An yanko guntun dogo na N an manna a samansa, ba a ciki ba. Na ɗauko sojana guda na roba na tsayar kusa da shi, sojan yana leƙen saman jirgin kamar mai duba kwale-kwale. Na turo tarago ɗaya zuwa bakin: taragon ya kusa faɗin jirgin gaba ɗaya. Uwargida tana tsaye a ƙofar gareji, ta dube shi ta dube ni, ta ce, "Wannan ne na fam ɗari biyun?" Ban amsa ba. Ta ce Allah ya mayar da alheri, ta koma ciki, ina jin dariyarta daga kicin.

Na koma in yi masa magana, ya toshe ni. Shafinsa ya yi ɓatan dabo kafin gari ya waye. Amfanin ɗan jirgin da ya turo kuwa shi ne lambar gidan waya ta nuna an kawo kaya an karɓa, ko da zan kai ƙara wani wuri yana da abin nunawa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne lissafin 'yan firamare ya isa ya cece ni. LST na gaske tsawonsa ƙafa 328 ne, mita 100 ke nan, faɗinsa ƙafa 50. Raba mita 100 gida 76, ka samu mita ɗaya da santimita 31. Faɗi santimita 20. Abu ne da sai an yi masa akwatin katako, sai mutum ya rungumo shi da hannu biyu. Mutumin ya ce mini kuɗin aike fam 6 ne kuma yana cikin farashi. Fam 6! Da na tsaya na yi wannan rabawar, da na tambaye shi yadda jirgi mai tsawon yaro ɗan shekara takwas zai bi gidan waya a kan fam 6. Haka in wani ya ce zai sayar maka da jirgin dakon kaya na Liberty a OO: na gasken ya haura mita 134, a tebur ya kusa mita ɗaya da santimita 80, ya fi yawancinmu tsawo. Wanda ake samu a kwali na 1:350 bai kai santimita 40 ba. Duk mai tallar babban jirgi a ma'aunin OO da araha, nemi tsawon jirgin na gaske ka raba da kanka kafin ka ce uffan.

Na kai ɗan jirgin ƙungiyarmu ranar Talata, don in rage wa kaina zafi da dariyar mutane. Wani dattijo a cikinmu, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, ya ce in nuna masa hotunan tallar. Ya sa tabarau, ya buɗe hoton da yatsa biyu, ya ce, "Samari, dubi ƙugiyar da ke haɗa taragan nan." Na duba. Irin ƙugiyar N ce, mai kama da ɗan murabba'i, ba ta OO ba. Wato ko jirgin da ke cikin hoton ma ba na ma'aunina ba ne. Muka sa hoton a Google Lens, manhajar da ke nemo inda hoto ya taɓa fitowa, sai ga shi ya fito a wani tsohon shafi na baje kolin da aka yi shekaru da suka wuce, aikin wani bawan Allah ne daban da ya ƙera da hannunsa, bai san ana cin kasuwa da guminsa ba. An yanke gefen hoton inda sunan teburin yake. Da muka ƙara tonawa, hoto guda ɗin nan an tallata shi a wani zaure a matsayin HO, a wani kuma N. Jirgi ɗaya, ma'auni uku.

Akwai kuma damfara ta biyu, wadda ta zo bayan na yi ƙorafi a zauren. Cikin awa guda mutum biyu suka shigo mini ta saƙon sirri, wai su ma an cuce su amma wani gwani ya karɓo musu kuɗinsu, in ba da fam 40 a fara aiki. Wannan karon dai na farka. Ko shi ne da wata riga, ko 'yan uwansa ne masu bin bayan gawa.

Dalilin da ya sa na rubuta da Hausa: tun da na fara sa bidiyon teburina, matasa da dama daga Kano da Kaduna da Zariya suna tambayata inda ake sayen kayan, wasu har suna saye ta adireshin ɗan uwa a nan, a haɗa musu a kaya a aika gida. Ku ne abin ya fi hatsari a kanku. Kafin kwalin ya iso hannunku wata biyu ko uku sun wuce, wa'adin ƙorafi na iya ƙarewa, ga canjin fam yadda yake. In ɗan uwa ne zai karɓa muku, ku ce ya buɗe a ranar, ya ɗora tef ɗin awo a jiki ya turo hoto.

Kafin biya kuma, abin da nake yi yanzu ba shi da wuya. Ina cewa mai kaya ya ajiye jirgin kusa da tef ɗin awo da tarago ɗaya, da takarda mai sunana da kwanan wata da rubutun hannu, ya ɗauka. Mai gaskiya minti biyar zai yi. Ina tambayar tsawo da santimita, ba sunan ma'auni ba, don "OO" kowa na iya rubutawa. Ina tambayar girman akwatin da nauyinsa. In aikin gyara ne, ina so in ga hoton gindin da aka yanke daga ƙasa, domin wanda ya yi aikin da gaske yana da wannan hoton, har alfahari yake da shi. Wanda ya ce a bi ta hanyar 'yan uwa da abokai ko a tura banki kai tsaye, ko da kuka yake, na ce masa ni zan biya kuɗin da ake cira. In ya ƙi, shi ke nan, ba a cinikin biri a sama.

Ba zan kama suna ba, don sunan da ya ba ni ba nasa ba ne, wataƙila ma na wani marar laifi ne aka ara. Alamarsa dai ita ce hoton: LST mai launin toka, baki a buɗe, taragai uku masu rufi suna shiga, igiyoyi biyu a gefen dama. Na kai rahoto ga masu kula da zauren sun cire, na kuma shigar da ƙara wurin 'yan sanda ta intanet, sun ba ni lamba. Sabuwar tallar da na gani makon jiya ta ce fam 260, saura gurbin mutum biyu.

Ɗan jirgin yana nan. Na yanke masa gindi da kaina, na kankare gam ɗin, na ajiye shi can ƙarshen tebur jikin bangon da na zana teku, inda ƙanƙantarsa take sa a ga kamar yana nesa. LST na ma'aunin teburina kuma na sayo falankin roba na fara yanka, na auna mita ɗaya da santimita 31 a kan katako, ya zarce teburin da kusan taƙi guda.